Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Ministan Wutar Lantarki: Wayoyin Da Ke Reto A Kanmu

Mai girma Minista,

Kukan ƙarancin wuta ka sha jin sa har ya gundure ka, don haka na bar shi. Maganar waya na kawo. Duk ranar da ka samu sarari, ka sa direba ya ajiye ka a bakin wani lungu na tsohon gari, ka taka da ƙafa, ka ɗaga kai. Falwaya ɗaya ce ke ɗauke da wayoyin layi guda, sun cakuɗe kamar saƙar gizo-gizo. Inda waya ta tsinke an ƙulla ta, an naɗe da leda. Inda biyu ke neman haɗuwa an sa kara a tsakani. Falwayar katakon da gara ta ci kuwa, an tokare ta da azara, mai kurar ruwa yana wucewa ta ƙarƙashi yana sunkuyar da kai.

Wa ya sayi wayar nan? Mu. Falwayar simintin da ke ƙofar masallacinmu karo-karo muka yi. Da taransifoma ta ƙone, mai unguwa ne ya bi gida-gida da littafi, har tsohuwa mai sayar da ƙosai sai da ta kwance bakin zane. Man taransifoma mu, fiyus mu, ladan wanda zai hau ma mu. Kamfanin da ke rarraba mana wuta, ba ma ganin tsaninsa sai ranar yanka. Ranar nan kam ba ya makara! A yanke waya, a naɗe, a jefa a bayan mota, wayar da muka saya da guminmu, sannan a ce mu zo mu biya kuɗin mayarwa.

A watan Nuwamba na 2013 aka fara damƙa rarraba wuta ga kamfanoni 11, aka ce za su zuba jari. Suna ya tashi daga NEPA ya koma PHCN, daga nan ya koma wasu haruffan, amma yara har gobe “NEPA!” suke ihu idan an kawo, kuma da gaskiyarsu, don wayar da ke kansu ba ta canza ba.

Ranka ya daɗe, an ce kai mai sauraro ne, kuma ba kai ka ƙulla wannan cakwakiya ba, gadonta ka yi. Amma ai ka san abin da ya faru a Kalaba a Afrilun 2017, da babbar waya ta faɗo kan gidan kallon ƙwallo, masu kallo suka mutu. Sai an sake irin wannan a lungunmu za a turo kwamiti?

Kada wani ya ce maka maganin abin shi ne a zo a tsinke komai don gari ya yi kyan gani. Munin wayar nan mun fi kowa ganinsa, amma ita ce ta haɗa gidan mai hali da na marayu, ita ke tayar da lasifikar asuba da injin markaɗe. A Oktoban 2024, da manyan layukan da ke kawo wuta Arewa suka lalace, mun ga yadda masu walda da masu ƙanƙara suka zauna zugum. 'Yan'uwanmu na Yamai ma sun ɗanɗana a Agustan 2023, da aka katse musu layin da ke tafiya daga nan.

Ga mita da babu, ga bil na ƙiyasi, ga ɓarayin waya, duk suna nan. Amma a fara da wannan: a tilasta wa kamfanoni su sauya ruɓaɓɓun falwayoyi da kuɗinsu, a sa waya mai rufi a lunguna, hukumar NEMSA mai duba ingancin kayan wuta ta fito daga ofis ta zaga, kuma a daina kwashe wayar da talaka ya saya.

Hadari ya fara haɗuwa a gabas. Iskar farko idan ta kayar da waya a kan ɗan wani, littafin mai unguwa yana nan da sunan duk wanda ya ba da kuɗi, kuma babu sunan kamfani a ciki. Shi za mu ɗauko mu kawo maka Abuja.

Naka,
Wani magidanci daga cikin gari.