Sharhi: Ginin Ɗakin Karatu da Batun Rage Kuɗin Aiki

Idan dai ba a manta ba, a shekarar 2006 ne gwamnatin tarayya ta bai wa kamfanin Reynolds Construction kwangilar gina hedkwatar Ɗakin Karatu na Ƙasa a Abuja, a kan Naira biliyan 8 da miliyan 590, da sharaɗin kammalawa cikin watanni 22. An tsara ginin ne mai hawa takwas, a tsakanin Masallacin Ƙasa da Cocin Ƙasa. Da kuɗi suka yi wuya, sai a 2010 aka sake zane, aka mayar da shi hawa biyar. Amma maimakon kuɗin su ragu, sai suka koma kimanin Naira biliyan 17. A 2012 kuma aka ba da umurnin a koma ga hawa takwas na asali. Har zuwa watan Satumba na 2025 aikin bai ƙare ba, lokacin da uwargidan shugaban ƙasa, Oluremi Tinubu, ta nemi a mayar da kyaututtukan bikin cikarta shekara 65 gudummawa ga ginin.

Abin tambaya shi ne, yaya aka yi an rage hawa uku kuɗi suka ninka? Amsar ba ta da wuya ga duk wanda ya taɓa gina ko da shago. Harsashin da aka haƙa don ɗaukar babban gini ya riga ya cinye siminti da rodinsa, rage hawa ba zai dawo da su ba. Sabon zane kuɗi ne, dawo da ma'aikata da injuna bayan an watse kuɗi ne, sannan duk shekarar da aiki ya kwana farashin kaya gaba yake yi. Wato sauya zane yana amfani ne tun aiki na kan takarda.

Akwai misali na kusa da ya fi dacewa da mu. A garin Dandaji na jihar Tawa, a Jamhuriyar Nijar, jama'a sun buƙaci sabon masallaci. Masu zanen gini, Mariam Kamara da Yasaman Esmaili, ba su bari an rushe tsohon masallacin ƙasa ba, sai suka gyara shi ya zama ɗakin karatu, aka gina sabon masallacin kusa da shi da tubalin ƙasa da inji ya matse. An kammala a 2018. Ƙasar ta yankin ce, magina ma na yankin ne, kuma katangar ƙasa mai kauri tana riƙe sanyi ba tare da na'ura ba. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a inda zafin bazara ke wuce digiri 40.

Ƙasar Gwandu ba baƙuwar littafi ba ce, domin nan ne mazaunin Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, mai tafsirin Diya'ut Ta'wil. Ga kuma Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, wadda aka kafa a 2013, da mazauninta a yankin Kalgo. Ɗaliban Malisa da ƙauyukan kewaye na buƙatar wurin nazari mai haske da natsuwa, ba lallai sai bene ba.

Saboda haka, duk ranar da wata majalisar ƙaramar hukuma ta tashi yin irin wannan aiki, ya kamata ta fara duba gine-ginenta da ke zaune ba a amfani da su. In sabo za a gina, a zana shi kashi-kashi, yadda ɗakin farko zai fara aiki ko da na biyu bai samu ba. A rage tayil da ado, amma kada a taɓa ingancin rufi da harsashi, domin yoyo da gara su ne manyan abokan gabar littafi. Haka kuma a ware kuɗin littattafai, da wutar sola, da albashin ma'aikaci tun cikin ƙiyasin farko, a kuma karanta ƙiyasin a gaban kansiloli da hakimai kafin a sa hannu kan kwangila.