Mai Leƙe Da Mai Turawa Duk Kanwar Ja Ce

Yau ku yi mini haƙuri, babu ci gaban labari, domin abin da ya faru a layinmu nan Hotoro ya hana ni riƙe biro. Wata yarinya 'yar maƙwabtanmu, saura sati uku a ɗaura mata aure, ta kai wayarta wajen wani mai gyara. Akwai hotunan da ta ɗauka a ɗakinta ita kaɗai tana gwada kayan lefe, ba ɗankwali ba mayafi. Kafin kwana biyar hotunan sun zagaye WhatsApp na samarin unguwa. Dangin ango suka aiko a ba su kayansu. Yanzu uwarta ko gidan suna ba ta iya shiga.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne duk wadda ta zo jaje sai ta ce, "Ita ma me ya kai ta ɗauka?" Ban ji ko mutum ɗaya ya tambayi me ya kai mai gyara buɗe abin da ba a ba shi izini ba. Haba jama'a! Idan ɓarawo ya haura katanga, mai gida ake tuhuma don ya ajiye kaya a ɗakinsa?

Mun taɓa yin irin wannan. A shekarar 2007 bidiyon wata 'yar fim ya fita a Kano, kowa ya san ta, ni ba zan ƙara kiran sunanta ba. Ta Bluetooth aka riƙa tura shi daga waya zuwa waya. Hukumar Tace Finafinai ta dakatar da shirya fim na wasu watanni, aka naɗa Malam Abubakar Rabo shugabanta, zuwa 2008 har mu marubuta aka ce sai mun yi rajista. Ita yarinyar ta ɓuya, 'yan fim suka rasa abinci, amma dubban da suka kalla suka tura, wa ya ce musu kanzil? Kuma zan faɗi gaskiya, ni ma a gidan biki aka miƙo mini waya na kalla, ina salati ina kallo. Har yau ina neman gafarar Allah a kan wannan.

Wasu za su ce ai fallasa tana gyara tarbiyya. To ku nuna mini inda addini ya ce haka. Suratul Hujurat ta hana binciken asirin mutane. Suratun Nur ta hana shiga gidan wani sai da izini da sallama, kuma ita ce ta yanke bulala 80 ga wanda ya jefi mace kamila da zina bai kawo shaidu huɗu ba. Wayar mutum a yau ɗakinsa ce. Wanda ya buɗe ta ba izini, daidai yake da mai leƙe ta kafar ƙofar banɗaki, kuma wanda ya karɓa ya tura ya riƙe masa tsani.

Dokar ƙasa ma ba ta yi shiru ba. Sashe na 37 na tsarin mulkin 1999 ya kare sirrin gida da wasiƙa da maganar waya, dokar laifukan intanet ta 2015 kuma ta hana tura hotunan batsa. A Indonesiya, ƙasar Musulmi irinmu, an yi doka a 2022 wadda ta mai da ɗauka ko yaɗa irin wannan hoto ba da yardar mai shi ba laifi ne. Mu a nan iyaye ba sa kai ƙara, saboda sun san 'yarsu za a fara yi wa shari'a a bakin layi.

Mu marubuta ma da namu laifin. Sau nawa muka rubuta jarumi ya laɓe yana kallon budurwa ba ta sani ba, muka kira shi so? Ni na rubuta, kuma na daina.

Roƙona gare ku, idan irin wannan hoto ya shigo wayarku ku goge, ku kuma gaya wa wanda ya turo cewa bai kyauta ba, ko da yayanku ne. Masu unguwanni da limamai su kira mai yaɗawa su tsawatar, kada a tsaya ga yarinya kaɗai. Allah Ya rufa mana asiri duniya da lahira. Sati mai zuwa in Allah Ya yarda za mu ɗora daga inda muka tsaya.