Fenti ba gyara ba ne

Duk wanda ya leƙa garajojin Yamai, Maraɗi ko Damagaram ya san aikin da ake yi wa motar da ta yi haɗari. Mai buga ƙarfe ya miƙe inda ya lanƙwashe, mai fenti ya fesa, mai mota ya biya, kowa ya kama gabansa. Abin tambaya shi ne: wa ya duba ƙwaƙwalwar motar kafin ta koma bisa titi ɗauke da rayukan bayin Allah?

Motar yau ta yi nisa da Peugeot 504 da iyayenmu sunka sani. Tun 1996 Amurka ta wajabta wa motocinta wata kafa mai baki 16 kusa da sitiyari, inda ake jona na'urar bincike, wadda makanikanmu ke kira baliz. Turai ta bi sahu a 2001 ga masu shan esansi. Ta wannan kafa mota ke faɗin ciwonta: jakar iska, birkin ABS, ɗamarar kujera. A motocin baya-bayan nan akwai kyamara a bayan gilashin gaba da rada a hancin mota, su ke hango abin da ke gaba har su taka birki da kansu. Tarayyar Turai ta tilasta irin wannan birki ga duk sabuwar ƙaramar mota tun watan Yulin 2024. Motocin nan su ne za su sauka Kwatano da Lome gobe, su iso kasuwanninmu jibi.

To, idan anka canza gilashi ko anka cire hancin mota, idon na'urar yana iya karkacewa. Lissafin ba wuya: karkata ta digiri 1 kacal, a nisan mita 100, tana kai wajen mita 1 da santimita 75, wato rabin faɗin layin mota guda. Motar da ta kamata ta hangi amalanke a gabanta sai ta hangi gefen hanya. Maganinsa shi ne saiti: a ajiye mota bisa shimfiɗaɗɗen daɓe, a kafa allunan auno a tazarar da kamfanin ƙera ta ya tsara, ko a tuƙa ta bisa titi mai zane har na'urar ta daidaita. Garaji nawa ne ke da wannan daɓe a ƙasarmu?

Abin da ya fi muni shi ne ha'inci. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2020 ya nuna cewa Turai, Amurka da Japan sun fitar da tsofaffin motoci miliyan 14 tsakanin 2015 da 2018, kuma Afirka ce ta kwashi kaso mafi girma. Daga cikinsu akwai waɗanda kamfanonin asirans na Amurka sunka yi gwanjonsu bayan mummunan karo. Jakar iskarsu ta riga ta fashe. Maimakon a sa sabuwa, sai a ɗinke murfin, a liƙa ɗan ƙaramin rezistans don a ruɗi na'ura, ko a kashe fitilar gargaɗi ɗungurungum. Ranar da tsautsayi ya zo, direba ya kai ƙirji bisa sitiyari, sai mu ce kwana ne ya ƙare. Gaskiya ne ajali na hannun Allah, amma wanda ya kashe fitilar nan da hannunsa ba ya da hurumin fakewa da ƙaddara.

Za a ce mana talauci ne, wai saiti kayan masu hali ne. Mun ji. Sai dai wanda ya iya tara miliyoyin sefa ya sayi mota, ya biya duwan, bai rasa ƴan jikkunan da za a jona mata baliz ba. Ba mu kuma ɗora laifin bisa makanike shi kaɗai. Ya koyi sana'a a gaban ubangidansa da guduma da sifana, ba wanda ya buɗe masa ajin lantarkin mota. Laifin yana wuyan magabata da sunka bar doka tana barci alhali mota ta canza.

Don haka muna kira da babbar murya. Ma'aikatar sufuri ta sa binciken baliz cikin bizit tekinik, ta hana takarda ga motar da fitilar jakar iskarta ba ta aiki. Kamfanonin asirans su daina biyan kuɗin gyara sai sun ga takardar bincike ta kafin aiki da ta bayansa. Makarantun koyon sana'a su horar da matasa wannan fanni, ga aikin yi nan a ƙasa ana tsallake shi.

Kai kuma mai saye, ga gwajin da ba ya cin ko dala: murɗa makulli, ka zuba wa tablo ido. Fitilar jakar iska dole ta kama, ta yi ƴan daƙiƙu, sannan ta mutu. In ta ƙi mutuwa, akwai ciwo. In ba ta kama ba sam, an yi mata aika-aika. Maida wa dillali makullinsa, ka nemi wata.