Da Tsohuwar Zuma Ake Magani

Yau ku yi mini uzuri, ba ci gaban labarinmu na kawo muku ba. Wata magana ce ta tsaya mini a rai tun daren da ƙanwata ta haihu a wani asibiti nan cikin Sakkwato.

Wajen ƙarfe biyu na dare ta sauka, sai jini ya ɓalle mata. Ungozomar da ke aiki yarinya ce sabuwar fitowa daga makaranta, ina kallo hannunta na rawa, ta rasa ta inda za ta fara. Allah ya kawo wata dattijuwar sista daga ɗakin kusa. Ba ta yi mata tsawa ba, ba ta kuma karɓe aikin ba. Bayanta ta tsaya tana cewa, "'Yata, murza mata mara, yi mata allurar, duba ko mabiyiya ta fita duka." Jinin ya tsaya. Ƙanwata na nan tana goyon ɗanta.

Tun ranar nake tambayar kaina, da dattijuwar ba ta kusa fa? Don me za a bar ran mace ga sa'a? Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2023 mata kusan 75,000 suka rasu a Nijeriya sanadin ciki da haihuwa, fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na duniya baki ɗaya.

Ra'ayina shi ne, duk nas ko ungozomar da ta gama karatu a haɗa ta da babba guda, wadda za ta riƙe ta shekarar farko, su yi aikin dare tare, ta gyara mata kuskure a keɓe ba gaban majinyata ba. Makaranta na koyar da alamomin jijjiga da zubar jini, amma natsuwa lokacin da rai ke hannunka, daga na gaba ake koyonta.

Wannan ba baƙon abu ba ne a garinmu. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, haka ta kafa 'Yan Taru: ta karantar da jajoji, ta ɗora musu malfa, su kuma su koma ƙauyuka su karantar da mata.

Wani zai ce ina manyan suke, bayan da yawa sun tafi Ingila da Saudiyya neman albashi mai kauri? Gaskiya ne. Amma waɗanda suka yi ritaya fa? Suna nan cikin unguwanninmu da iliminsu. A 2009 gwamnatin tarayya ta fito da shirin tura ungozomomi karkara, ta ɗauki sabbi da masu ritaya tare, sai rashin biyan alawus a kan kari ya raunana shi. Darasin a fili yake: wadda za ta koyar, a biya ta haƙƙinta.

Ina kira ga gwamnatin jiha, da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, da Asibitin Mata da Yara na Maryam Abacha, su mayar da wannan riƙo doka a rubuce. Ku kuma manyan sistoci, ku ja ƙannenku a jiki, wata rana 'ya'yanku ne za su kwanta a gabansu.

Sai mun haɗu a ci gaban labari.