Tsimi da Kwalbar Turare

Na sha ganin magidanci mai tsananin tattali, wanda ke kai takalminsa wurin baduku har sau uku kafin ya yarda takalmin ya mutu, wanda kuma ba ya barin fitila ta kwana da wuta don kada kananzir ya salwanta, amma da Alhamis ta yi sai ka tarar da shi a Kasuwar Kurmi gaban mai turare, ana ɗiga masa almiski a bayan hannu, yana shaƙa ido rufe, ya biya abin da aka yanka masa ba tare da irin tayin da yake yi wa mai tumatir ba. Wasu na kiran wannan israfi. Ni dai ban yarda ba, domin fukaha'unmu na Malikiyya sun lissafa shafa turare cikin mustahabban ranar Juma'a, kuma 'yar kwalbar nan, in hannu ya iya ta, sai ta ga Juma'a goma. Uwargida ma, wadda ke ƙirga tsinken ashana, tana da humrarta ta Barno a ƙasan adaka, wadda ko kishiya ba ta san kuɗinta ba, balle maigida.