A Fara Wa Yaro Da Littafin Gidansu

Ana yawan kuka a wannan zamani cewa yaranmu sun guji littafi. Amma ni a ganina, kafin mu ɗora wa yaro laifi, wajibi ne mu tambayi kanmu wane irin littafi muka fara miƙa masa, domin son karatu na haƙiƙa, wanda yake bin mutum tun ƙuruciya har furfura, ba ya samuwa da tsawa ko bulala, sai ta hanyar hikayar da yaro zai buɗe ya tarar da mutanen da ya sani a cikinta.

Magabatanmu sun fahimci haka. A shekarar 1933, da Hukumar Fassara ta Zariya, ƙarƙashin Rupert East, ta sa gasar ƙaga labari, malaman da suka amsa kira ba su manta da masu karatunsu ba. Malam Bello Kagara ya ɗauko Ganɗoki daga zamanin yaƙe-yaƙen zuwan Turawa. Abubakar Tafawa Ɓalewa kuwa ya rubuta Shaihu Umar, ƙissar yaron da aka sace aka ƙetara hamada da shi cikin bauta, da uwar da ta bi sawunsa, alhali a lokacin akwai tsofaffi da rai waɗanda suka ga irin wannan musiba da idonsu.

Amma hujjata mafi ƙarfi ita ce Magana Jari Ce. Ba ɓoyayyen abu ba ne cewa Alhaji Abubakar Imam ya aro da yawa daga Alfu Laila wa Laila da hikayoyin Turai da na Indiya. Sai dai fasaharsa, Allah Ya jiƙansa, ita ce da ya sa wa baƙin labaran nan riga da rawani, ya zaunar da aku a fada tsakanin sarki da waziri da fadawa, ya cika bakinsa da karin magana da azanci, har mai karatu ya rantse a bayan ganuwar garinsu abin ya faru. Na shaida yadda ake sa ɗan firamare ya karanta littafin a tsakar gida bayan sallar isha'i, fitilar ƙwai a gabansa, yana bin layi da yatsa, mata sun bar tankaɗe suna saurare, in ya yi tuntuɓe a wata kalma tsohuwar da ba ta san baƙin boko ba ta gyara masa, domin maganar tata ce tun kafin a buga ta. Wanda ya ɗanɗani wannan, in ya girma ya riski adabin Larabawa ko na Ingila, da ƙishirwa zai shige shi, ba da fargaba ba.

Har littattafan soyayya na Kano, waɗanda suka yawaita tun shekarun 1980, ba na cikin masu yi musu kuɗin goro. Akwai masu aibi a cikinsu, lalle. Amma mata nawa ne suka dage da karatun boko domin su karanta Balaraba Ramat Yakubu da kansu, saboda ta faɗi zancen kishiya da saki da auren dole yadda suka san shi?

Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne makarantun da ke cin tarar yaro don ya yi Hausa a aji, ɗakin karatunsu kuma babu littafin Hausa ko ɗaya, sa'an nan malamansu su dawo suna mamakin yadda ɗalibi ya gama sakandare bai taɓa karanta littafi don jin daɗi ba, sai don jarrabawa.