Tiana, Gimbiyar Wanke Laifi

A watan Maris na 2025 kamfanin Disney ya jingine shirin baƙar gimbiyarsa Tiana mai dogon zango da ya yi alkawarin kawowa a Disney+. Dalilin da aka bayar shi ne tsadar aiki. Nan da nan masu kare kamfanin suka fito da maganarsu ta kullum: a yi haƙuri, ai an ci gaba, yau akwai baƙar gimbiya, akwai 'yan tsana launi-launi a kanti, me kuma ake nema? An maimaita wannan magana har ta zauna a kunnen mutane, alhali ba ta da tushe.

A duba lokacin da aka yi alkawarin. Disamban 2020 ne, watanni kaɗan bayan ɗan sanda ya danne wuyan George Floyd da gwiwa a Minneapolis har ya ce ga garinku nan, lokacin da kowane kamfani a Amurka ke rige-rigen nuna yana tare da baƙar fata. A Yunin shekarar Disney ya sanar zai sauya wurin wasan Splash Mountain, wanda aka gina kan fim ɗin Song of the South na 1946 da kamfanin kansa ke kunyar nunawa, ya sa Tiana a gurbinsa. Da iska ta juya, Trump ya dawo mulki a Janairun 2025, a Fabrairu kamfanin ya rage shirye-shiryensa na daidaito, ya taƙaita gargaɗin da yake liƙawa a farkon tsofaffin fina-finai irin su Dumbo da Peter Pan. A Maris aka sallami Tiana. Tsada? A wannan watan ne aka saki sabon Snow White da ya lashe sama da dala miliyan 200. Tiana ta zama kamar tangaran na cikin kabad, sai baƙi za su zo ake fito da shi.

Kuma tun ranar farko ba a yi mata adalci ba. Daga Snow White ta 1937 zuwa 2009, shekara 72 aka yi kafin a zana baƙar gimbiya ɗaya, sannan da aka zana ta, ta ƙare mafi yawan fim ɗinta a jikin kwaɗo. Yarinyar da ta shiga silima don ta ga mai kama da ita, koriyar halitta ta gani tana tsalle a fadama. Ba a kanta abin ya tsaya ba. A 2019 an mayar da jarumin da Will Smith ya yi wa murya a Spies in Disguise tantabara. A 2020 Joe Gardner, baƙar fata na farko da ya ja ragamar fim ɗin Pixar, ya faɗa rami tun farkon labari ya zama shuɗiyar kurwa, daga baya ya shiga jikin kyanwa. Masu cewa dacewa ce kawai su riƙe maganarsu.

Abin da ya fi ciwo shi ne na 2018. Da aka saki hotunan Ralph Breaks the Internet, ga gimbiyoyi zaune cikin kayan barci, ga Tiana a tsakiyarsu, amma an haska mata fata, an tsuke hancin, gashin ya zama sako-sako mai jaja-jaja. Sai da ƙungiyar Color of Change ta tayar da ƙura, Anika Noni Rose mai yi mata murya ta je ta zauna da masu zanen, kafin a mayar mata da kamanninta. Hoton ya bi ta hannu nawa kafin ya fito, babu wanda idonsa ya ga illa. Baƙar ɗaya tilo da suke da ita, ita ma sun ga baƙinta ya yi yawa.

Masu 'yan tsana sun riga masu katun a wannan dabara. A 1967 kamfanin Mattel ya fito da baƙar 'yar tsana Francie: fuskar farar Francie ce, hanci ɗaya, leɓe ɗaya, robar kawai aka rina. Christie ta zo a 1968 a matsayin ƙawar Barbie, ita kuwa baƙar da ta amsa sunan Barbie da kanta sai 1980, shekara 21 bayan ta asali, kuma da ƙoƙarin Kitty Black Perkins da ta tsara ta. Kamfanin American Girl da ya tashi fitowa da baƙar 'yar tsanarsa ta farko a 1993, Addy, labarin baiwa ya ba ta.

Wasu za su ce ai wasan yara ne. Masu bincike Kenneth da Mamie Clark sun gama da wannan tun shekarun 1940, da suka ajiye 'yan tsana fari da baƙi gaban yara baƙar fata, yawanci suka nuna farar a matsayin mai kyau. Binciken ya kai har gaban Kotun Ƙolin Amurka a shari'ar Brown ta 1954. Kiri Davis ta maimaita shi a 2005, yara 15 cikin 21 suka ɗauki farar.

Kada mai karatu a Kano ko Damagaram ya ɗauka wannan rigimar Amurka ce kaɗai, domin katun ɗin nan su ne a wayoyin da ake miƙa wa yara su yi shiru, kuma sun tarar da ƙasa a jiƙe. Mu ne masu kirarin farar mace alkyabbar mata. Kannywood, da ta fi kowa kukan an raina al'adarmu, ta daɗe tana bai wa mai haske matsayin amarya, ta bar wa baƙa 'yar aiki ko muguwar kishiya, kuma furodusoshinta ba sa son a taɓo zancen. Taofick Okoya na Legas ya ƙera 'yan tsanan Queens of Africa, har da Bahaushiya mai suna Azeezah, amma farar mai shuɗin ido ce ke cika teburan 'yan koli ranar sallah. A 2023 hukumar NAFDAC ta ayyana dokar ta-ɓaci kan man bilicin, kuma cikin masu zuwa a haɗa musu man akwai uwayen da jariransu za su shafa wa.